Bindigar da Na Toshe da Kakin Zuma

Ranakun aiki da yawa sun shige mini, ban ma san inda suka faɗa ba, amma Larabar nan ta gindin dabino ba ta taɓa barin raina ba. Ku da kuka shigo aiki daga baya kuna ganin hannuna na hagu kuna kawar da kai, wasunku kuma suna cewa garin ceton mutum na rasa yatsun. Rabin maganar ke nan. Yau zan faɗi ɗaya rabin da ɗan bokon da na koya a ajin yaƙi da jahilci. Wanda ya ga kuskuren rubutu ya gyara da kansa, ni na gaji.

Zamanin Turawa ne, ba a daɗe da dawowar sojojinmu daga yaƙi ba. Dutse a lokacin garin hakimi ne a ƙarƙashin Kano. Sunana Sule, maƙeri ne ni na gado, ina aiki a wurin ayyuka na gunduma. Don wanda bai san tsarin ba, ga yadda yake. A ƙasa akwai lebura. Samansa akwai mai sana'a na wucin gadi, wanda ake kira in aiki ya taso, a sallame shi in ya ƙare. Sai ma'aikacin dindindin, mai kaki da lamba a ƙirji. Sai hedima, sai wakilin ayyuka, shi kuma yana amsa wa hakimi, Di'o, Baturen mulki, yana can sama da kowa. Shekara tara ina mataki na biyu. Ni ke gyaran diga da shebur, ni ke ƙera ƙusoshi da sarƙar rijiya. Shekara tara ina kallon kakin mutane.

A matakina akwai wani masassaƙi, Habu, sa'ana ne, iyayensa daga wajen Taura suka zo. Ni in ƙera kan diga, shi ya sa mata ƙota. A gida kuma turmi yake sassaƙawa da akushi. Mutum ne mai ƙiba, mai dariya, ko hedima yana masa faɗa sai ka ga ya ƙare da dariya. Ni ban iya wannan ba. Ba mu taɓa faɗa da shi ba, ba mu kuma taɓa abota ba. Yana ce mini Sarkin Zuga, ina ce masa Mai Turmi, shi ke nan.

Da kaka, bayan an gama yankan gero, wata babbar mota ta shigo gari da wani Bature dogo da tafintansa, Malam Isyaku, mutumin Kano. Sun zo ɗaukar hoton majigi. Baturen yana da wani akwati mai ƙafa uku, in ya murɗa shi sai ya riƙa ƙugi, duk abin da ya wuce ta gabansa ya kama. Nan da nan mutanen gari suka sa masa Mai Akwati. Labarin da suka zo ɗauka na 'yan fashi ne da ke tare fatake a tsakanin duwatsu, har 'yan doka su bi sawunsu su kama su. Malam Isyaku ya ce a ƙasar Turawa irin wannan wasa na ɓarayi da bindiga shi ne mutane suka fi rububi a kai.

Hedima ya tara mu ya karanta umarni. Ana son bindigogi shida na wasa. Ba a yarda ko ɗaya ta zama ta gaske ba, don ƙera bindiga ba da izini ba laifi ne na ɗauri, kowa ya sani. Ya ce ni in yi samfuri ɗaya, Habu ya yi ɗaya, Bature ya zaɓa. Sannan ya ƙara da abin da ya hana ni barci: wanda aka zaɓi tasa, za a tafi da shi Kano ya zama mai kula da kayan wasan majigi, aikin dindindin, da kaki.

Na ce, "Hedima, Allah ya ba ka nasara, bindiga kuma a ba masassaƙi? Tun kaka da kakanni bindiga ta maƙera ce."

Ya ce, "Ni abin da aka rubuta na karanta maka. In kana da magana ga Bature can."

Habu ya yi dariya ya ce, "Kwantar da hankalinka, Sarkin Zuga, ni taɓarya zan yi, in ce musu bindiga ce."

Kwana huɗu na yi a kan tawa. Na samo guntun bututun ruwa a cikin tarkacen wurin aiki, na dake shi, na goge shi da magagari har yana ɗaukar ido. Na yi mata kunama mai ɗagawa da faɗawa, na sa mata dutsen ƙyastu, na ɗaure ta da zobban tagulla uku. Har ƙotar ni na fafe da kaina, don kada in roƙi Habu komai. Abu ɗaya na bari: 'yar kafar nan da ke kusa da gindi, wadda wuta ke bi ta kai ga albarushi, ban huda ta ba. In babu wannan kafa, bindiga bututu ce kawai. Duk maharbin da ya gan ta sai da ya yi salati. Ban taɓa yin aiki mai kyan wannan ba, kuma ban sake yi ba.

Ta Habu kuwa kwana ɗaya ya yi. Ice ne mara nauyi, ya sassaƙa shi ya fi bindigar gaske kauri, ya ƙona bayansa da ƙarfe mai zafi kamar yadda suke baƙanta akushi, ya shafe da man kaɗanya. Wallahi in ka riƙe ta a hannu sai ka yi dariya.

Aka kai wa Bature. Bai ko taɓa su ba. Ya sa aka riƙe kowace a nesa, ya sunkuya ya leƙa ta cikin akwatinsa. Ya daɗe a kan tawa, har na fara gyara tsayuwa. Sai ya yi magana, Malam Isyaku ya fassara.

"Ya ce taka tana da kyau, amma tana ƙyalli, tana kashe wa akwati ido. Kuma daga nesa siririya ce kamar sandar makiyayi. Ta icen ta fi kama da bindiga."

Na ce, "Malam, ka tambaye shi ko ya taɓa ganin bindiga."

Ya ce, "Ba zan tambaye shi ba. Soja ne shi da."

Abin bai tsaya nan ba. Habu ya ce a dakata. Ashe ya rarake cikin icen, ya zuba toka, ya liƙa wata 'yar jakar fata a ƙarƙashin ƙota. Ya matsa jakar, sai ga farin hayaƙi ya fito ta baki, fuu. Bature ya tafa hannu kamar an ba shi kyauta. Ni kuwa na tsaya ina kallon jakar nan. Zugazugi ne fa. Zugazugin maƙera ne ya ƙanƙanta, abin da na tashi ina ji a kunnena tun ina rarrafe, shi Mai Turmi ya ɗauka ya sa a cikin taɓarya, ni ban taɓa tunanin haka ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Aka ba Habu aikin sauran biyar ɗin. Kamar wannan bai isa ba, da aka zo neman wanda zai fito a matsayin falke mai jakuna, wanda za a harba, Bature ya dubi cikinsa da fuskarsa ya ce shi ne. Aka naɗa masa rawani, aka ba shi babbar riga. Mata suna leƙowa ta saman danga suna kiran sunansa. Ni kuma aka sa ni riƙon igiyar da ake tare 'yan kallo.

Ban haƙura ba. Na yi ta bin Malam Isyaku, in tare shi a masallaci, in tare shi wajen mai fura, har ya gaji da ni ya yi wa Bature magana. Aka yarda shugaban 'yan fashin ya riƙe tawa a wuri ɗaya, wurin da zai tare falke a kusa da akwati, inda kaurin ice zai iya tonuwa. Amma da sharaɗi biyu. Na ɗaya, in dusashe ƙyallin. Na biyu, sajen 'yan doka ya gwada ta. Yadda ake gwajin shi ne, saje ya sa bakinsa a bakin bindiga ya hura. In iska ta fita ta gindi, bindiga ce. In ba ta fita ba, bututu ne. Ya hura har idanunsa suka yi ja, ba ta fita ba. Aka rubuta a takarda cewa bututu ne, ya dangwala hannu, aka miƙo mini in je in dusashe ta.

A maƙera na zauna da ita a kan cinyata da hantsi. Na ce a raina, toka ce fa ta sa Bature tafa hannu. To in ya ga wuta ta gaske, ya ji ƙara ta gaske ta amsa a cikin duwatsun nan, me zai yi? Ai sai ya san bambancin maƙeri da mai turmi. Na ɗauko matsoni na huda kafar. Bai ɗauke ni lokacin shan ruwa ba. Sannan na murza kakin zuma da baƙin tukunya na toshe ta, na shafe, har ni kaina sai na duba sosai nake gane wurin. Da safiyar Laraba saje ya sake hurawa don cika ƙa'ida. Kaki ya riƙe.

Wanda ke fitowa a shugaban 'yan fashi wani tsohon maharbi ne daga wajen Miga, Baba Tanko. An zaɓe shi ne don gemunsa da jan idonsa. Tun ranar farko yake ƙunƙuni, wai shi da ya kashe kura an ba shi ice ya riƙe a gaban mata. Na ja shi bayan wani dutse, na nuna masa kakin, na ba shi ƙaya da zai tsokale shi da ita.

Na ce, "Baba, albarushi kawai, kaɗan. Yatsa biyu. Ka danne da tsumma. Kada ka sa komai a kai."

Maharba da yatsu suke auna ɗuri. In ka zura sandar ɗuri a cikin bindiga, abin da ya rage a waje shi ne yawan abin da ke ciki. Yatsa biyu ƙara ce da hayaƙi kawai.

Ya shafa bindigar kamar yana shafa jikansa, ya ce, "Yau na ga ɗan halak. Bar ni da ita, Maƙeri."

Wurin da za a ɗauka wata hanya ce tsakanin duwatsu biyu, da dabino guda uku a gefe. Ƙa'idar Bature ita ce, in ya ɗaga hannu akwati ya fara ƙugi, ba mai motsi, ba mai tari, ba mai ƙetare igiya har ya sauke hannu. Abin da ke cikin akwatin daga ƙasarsu ake kawo shi a jirgin ruwa, in ya lalace ba a samun wani a nan. An taɓa korar wani lebura a kan akuya da ta kufce masa ta shiga gaba.

A gwajin farko, Baba Tanko yana can saman dutse, Habu yana ƙasa da jakunansa, tsakaninsu kamar taki talatin. A kan wannan na yi lissafina. Sai Bature ya leƙa akwati ya girgiza kai. Ya sauko da tsohon ƙasa. Ya matso da shi, ya ƙara matso da shi, har tsakaninsa da Habu bai wuce taki uku ba. Ya kama bakin bindigar da hannunsa ya saita shi daidai ƙirjin Habu, ya ce ta bakin Malam Isyaku kada ya kuskura ya kauce da ita ko kaɗan. Na ce a raina ai tsumma ne, iyakarta ta ƙona masa riga. In faɗi gaskiya, ƙonewar rigar ma ba ta dame ni ba.

Aka ba da hutu kaɗan don a gyara jakuna. Baba Tanko ya zo wucewa ta kusa da igiya, ya sunkuyo kamar zai tofar da goro, ya ɗaga mini yatsu huɗu a ƙarƙashin riga.

Na ce, "Baba, biyu na ce."

Ya ce, "Kai yaro ne. Albarushi shi kaɗai tusa yake yi. Na sa mata 'yar tsakuwa don ta yi murya. Maharbi ba ya ɗura bindiga fanko, abin kunya ne."

"Baba, a ƙirjin Habu take!"

"In na zo ja zan ɗaga ta. Shekara nawa ina harbi?"

Ya wuce abinsa. Ni na san abin da bai sani ba. Adaka, irin wannan bindigar ta maharba, in ta tashi da tsakuwa watsuwa take yi, a taki uku ko ka ɗaga ta sai ta kwashe fuskar mutum. Kuma wannan bututun ruwa ne, na yi shi don ido, gindinsa ma ban dake shi yadda zai ɗauki ɗuri huɗu ba.

Nan ne rabin da ban taɓa faɗa ba. Ina da lokaci. Tsakanin maganar tsohon nan da ɗaga hannun Bature, mutum zai iya yin alwala. Da na kira saje, da na kira Malam Isyaku, da an karɓe ta shiru. Amma in na yi magana, na faɗi da bakina cewa na ƙera bindiga na yaudari ɗan doka, kurkuku ke nan. Na tsaya riƙe da igiya. Kuma ba tsoron kurkuku ne kaɗai ya tsayar da ni ba. Wani abu a cikina yana cewa, wataƙila tsohon zai ɗaga ta da kyau. Wataƙila ma ba za ta tashi ba. In ta tashi kuma, wataƙila ba zai mutu ba, ido ɗaya ne ko hannu, mai ido ɗaya kuwa ba za a tafi da shi Kano ba. Na ji wannan maganar a cikin ƙirjina sarai kamar yadda nake jin ladan, kuma ban ce a'uzubillahi ba. Na saurare ta.

Bature ya ɗaga hannu. Akwati ya fara ƙugi. Habu ya taho yana kora jakuna, yana rausaya cikin rawaninsa. Baba Tanko ya fito daga bayan dutse, ya sa bindiga a kafaɗa. Habu ya ɗaga hannuwa sama yana karkarwar ƙarya, har wasu a bayan igiya suna danne dariya. Na ga babban yatsan tsohon ya ja kunama baya. Ƙarar da ta yi, ƙas, ni na san ta, ni na gyara ta har ta riƙa yin haka.

Ban san lokacin da na saki igiya ba. Na ji Malam Isyaku yana kira, "Kai! Kai!" Na faɗa tsakaninsu, na cafki bututun da hannun hagu na tura sama. Tsohon ya firgita ya ja.

Ban ji ƙarar ba, kunnena ne kawai ya toshe. Da na farfaɗo ina zaune a ƙasa, ganyen dabino yana zubo mini a ka. Jakuna sun watse, 'yan kallo sun watse, wata mata tana ta salati. Bututun ya tsage daga gindi har tsakiya kamar an fasa rake. Baba Tanko yana kwance yana laluben gemunsa, rabi ya ƙone. Habu yana tsaye inda yake, hannuwansa har yanzu a sama, rawanin ya faɗi, ba abin da ya same shi. Na duba hannuna, ƙaramin yatsa da na kusa da shi babu.

Bature ya zo fuskarsa ta yi ja kamar gauta. Ya ɗauki bututun, ya ga kafar, ya ga narkakken kaki yana bin gefenta. Ya kai hanci ya shinshina. Bai yi ihu ba, da ya yi da ya fi. Ya yi magana a hankali, Malam Isyaku ya fassara yana kallon ƙasa.

"Ya ce wa ya huda?"

Na ce, "Ni ne, ranka ya daɗe."

"Ya ce don me?"

Na ce, "Don ya ji ƙara."

Malam Isyaku bai fassara wannan ba. Ya dube ni ya ce, "Ƙara? Maƙeri, akwatin nan ba ya ji. Kurma ne. Hoto kawai yake ɗauka. In an je nunawa ni ne nake tsayawa a gefen mota ina bayani da bakina. Wurin harbi ma ni zan ce ƙam."

Sau ɗaya na taɓa ganin majigi kafin wannan, daga can baya, na ɗauka muryar daga cikin hoton take fitowa. Ko da bindigar ta tashi lafiya lau yadda na so, ba abin da zai shiga akwatin sai hayaƙi. Hayaƙi kuwa Habu yana da shi a cikin jakarsa.

Aka ɗaure mini hannu da tsumma aka kai ni ɗakin magani. Washegari da hantsi aka zauna a gaban wakilin ayyuka, ga hedima, ga saje, ga Bature da tafinta. Bature ya ce a kai ni gaban alƙali. Saje yana ta zufa, don shi ne ya hura sau biyu ya dangwala hannu. Wakili ya juya ga Habu, tunda shi aka saita.

Ya ce, "Kai ne mai ƙara. Faɗi abin da ka gani."

Habu ya ce, "Allah ya ja zamaninka, ni ban kawo ƙara ba. Abin da na gani, bututun ruwa ne ya fashe, wani mutum ya sa hannunsa ya kare ni. In akwai bindiga a wurin, ni ban gan ta ba."

Saje ya yi caraf ya ce haka takarda ta ce, bututu ne. Wakili yana ta jan carbi. Bature ya yi wa Habu wani dogon kallo, sannan ya ɗaga kafaɗa ya ce aikinsa yana jira. Aka yanke cewa a saukar da ni zuwa lebura shekara ɗaya, kada in sake zuwa kusa da wurin ɗaukar hoto. Baba Tanko aka yi masa faɗa, aka aske ɗaya rabin gemun don ya daidaita, aka mayar masa da icensa. Ya ƙarasa wasan yana matsa jakar toka.

Ranar da za su tafi Kano, Habu ya zo maƙerata. An riga an ba shi kakin, rigar ta matse masa ciki. Ya ajiye mini ƙullin goro a kan uwar maƙera ya zauna. Muka gaisa. Ya tambayi hannu, na ce da sauƙi. Ya ɗan yi wasa da awartaki, bai yi dariya ba, ban taɓa ganinsa haka ba.

Ya ce, "Sule, lokacin da tsohon nan ya yi maka magana a bakin igiya, ina kallonka. Na ga fuskarka. Ban san me ke nan ba, amma na san akwai abu."

Ya ajiye awartakin.

Ya ce, "Ka daɗe kafin ka taso."

Na ce, "Amma na taso."

Ya ce, "Ka taso." Ya miƙe ya kakkaɓe wandonsa. "Ba wanda zai ji wannan daga bakina."

Kuma ba wanda ya ji. Shekaru ke nan, duk sallah yana zuwa gida, yana shigowa ya gaishe ni, yana ba 'ya'yana labarin yadda ubansu ya tare masa wuta. Yanzu shi ne shugaban masu kayan wasa a can, yana da mutane a ƙarƙashinsa. Da majigin ya zo gari an haska shi a bangon makaranta, ban je ba. Matata ta je, ta dawo tana cewa da ɗan fashin ya harbi Habu sai da ta rufe ido, bindigar abin tsoro. Na ce ice ne. Ta ce ita dai ta tsorata.

Ni sai da na ƙara shekara shida kafin in sami lambata. Ba zan yi muku ƙarya in ce na warke ba. Habu ya fi ni dabara, na haƙura da wannan tuntuni. Ya riga ni kaki, wannan ma ya wuce. Amma ya ga abin da ke cikina ranar nan, ya rufe, ya ci gaba da yi mini dariya, wannan kam har gobe ban haƙura da shi ba. Ko a halin kirki ma sai da ya fi ni.

To ga abin da na koya, ku ɗauka ko ku bari. In an ce ka yi abin da ba ya aiki, ka yi shi ba ya aiki, wannan ma aiki ne, kuma ya fi wuya ga mai gwaninta. Kada ka yarda da gwajin da aka yi wa ƙarfe in ya koma hannun mai shi bayan gwajin, ko da mai shi ni ne. Abin da ka miƙa wa wani kuma, ka sani zai yi da shi yadda ya saba ne, ba yadda ka ce ba. Mu masu aikin hannu ba malalata ne suka fi ɓarna a cikinmu ba. Malalaci iyakarsa ya yi maka diga mai karyewa. Gwani ne abin tsoro ranar da aka yabi wani a gabansa. Shi ya sa kuke ganin in hedima ya yabi aikin ɗayanku, ni ba wanda aka yaba nake kallo ba. Na kusa da shi nake kallo, in ce masa ya ajiye masaba ya tafi gida sai gobe. Kuna cewa mugunta ce. Ni da an kore ni gida ranar da Bature ya tafa wa toka hannu, da yau da yatsu goma nake riƙe awartaki.